Darasi na Tara: Haƙƙin Matashi da Dokar Gida

Wannan darasi na iyaye ne da masu riƙo, da yayyen da aka rasu aka bar musu ƙanne. Idan mun kammala shi, ana so ɗalibi ya san abin da yake faruwa a jikin yaro da tunaninsa lokacin balaga, ya san haƙƙin da addini da dokar ƙasa suka ba yaron, ya kuma iya zama da iyalinsa su tsara dokar gida wadda za ta biyu. Misalanmu daga Ƙofar Na'isa da unguwannin da ke kewaye da ita a cikin birnin Kano muka ɗauko su, amma mutumin Katsina ko Zariya ko Maraɗi zai ga gidansu a ciki.

Lokacin da ake cewa yaro ya canja

Kusan kowace uwa ta san wannan lokaci. Yaron da a da ake aika da gudu ya dawo da gudu, yanzu sai an kira shi sau uku kafin ya amsa. Muryarsa ta buɗe, ya fara daɗewa a gaban madubi, in an yi masa faɗa a gaban ƙannensa ya haɗe rai ya fice. Yarinyar da ba ta gajiya da surutu ta koma ƙunshe kanta a ɗaki, abu kaɗan ya sa ta kuka. Sai a ce ya fara jin kansa, ko a ce tashen balaga ne. A wasu gidajen har a ce an yi masa sammu, ko iska ta taɓa ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wannan zango daga shekara 10 zuwa 19. Alamun balaga sukan fara bayyana ga 'yan mata tsakanin shekara 8 da 13, ga maza tsakanin 9 da 14, saboda haka ba abin tashin hankali ba ne sa'o'i biyu su bambanta da shekara biyu ko uku. In ban da lokacin jarirantaka, babu lokacin da jiki yake girma da sauri kamar wannan. Shi ya sa ci yake ƙaruwa, kuma yaron da ya cinye malmala uku ya ce a ƙara ba haɗama ce ta kama shi ba. Yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10, ga shi kuma barcin ba ya zuwar masa da wuri kamar da.

Abin da ya fi muhimmanci yana cikin ƙwaƙwalwa. Sashenta na gaba, wanda yake auna abin da ka je ya zo kafin mutum ya aikata, shi ne na ƙarshe wajen kammala girma, kuma ba ya gamawa sai an kai wajen shekara 25. Sashen da yake son daɗi da burge abokai kuwa tuni ya kama aiki gadan-gadan. Ɗan shekara 15 yana nan kamar sabon babur mai ƙarfin inji wanda ba a gama ɗaure masa birki ba. Abin da ba zai taɓa yi shi kaɗai ba, sai ya yi shi idan abokai uku suna kallo.

Wannan bayani bai wanke yaro daga laifi ba. Daga balaga alƙalami ya hau kansa, salla da azumi sun zama wajibi a gare shi. Abin da bayanin yake nuna mana shi ne, lokacin da muke cewa “ai ya girma” mu sake shi, a lokacin ne ya fi bukatar babba a kusa.

Yaron da aka mayar soro

A da tsaron yaro ba aikin gida ɗaya ba ne. Badalar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa, Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa, tana da ƙofofi, kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, wanda yake rufewa da dare ya buɗe da asuba. A cikin gari kuwa kowane lungu da dattawan da ke zama a dakali, sun san ɗan gidan wane da jikan wance, in sun ga abin da bai dace ba su tsawatar, uban yaron ya zo ya yi godiya. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka gina wata a madadinta. Yau ba a rufe ƙofar gari, adaidaita sahu tana kai yaro duk inda yake so cikin minti kaɗan, waya kuma tana kawo masa baƙi har kan tabarmarsa. Dattijon da ya tsawatar wa ɗan maƙwabci yana tsoron a leƙo a ce masa “ina ruwanka da ɗana.” Abin da ya rage shi ne dokar cikin gida, ita ma a gidaje da yawa ba ta kai ga ɗa namiji.

Ga yadda abin yake faruwa. Sunna ta ce idan yara sun kai shekara goma a raba musu makwanci, wannan daidai ne. Amma gidan cikin birni da magidanta uku ko huɗu suka gada, kowa da ɗaki ɗaya ko biyu, ina za a kai yaron? Sai a mayar da shi soro, ko shagon ƙofar gida, ko ya ɗauki tabarmarsa ya koma shagon wani abokinsa a wani lungu. Ƙofar shago waje take kallo. Babu wanda ya san lokacin da ya shiga, babu wanda ya san da wa ya kwana. In an kwashe tuwo ba ya nan, an wuce da shi. Da safe ba a ba shi na karin kumallo saboda wai ya girma, kuma tun yana ɗan shekara 14 ya fara jin ana ce masa, “Kai namiji ne, fita ka nema.”

Ku leƙa irin wannan shago da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Katifa ɗaya da ta sha jiki, tabarma biyu, soket guda da wayoyi suke layi a kansa, yara biyar ko shida. Ƙaraminsu bai wuce shekara 13 ba, babbansu ya haura 20. Babban shi yake zuwa wurin mai shayi ya sayo burodi da Indomie, shi yake ba da aron riga ranar biki, shi ya tare wa ƙaramin faɗa ranar da aka mare shi a wurin ƙwallo. Wanda yake ciyar da yaro kuma yake tare masa faɗa, shi yaron yake bi. Aiken farko ɗan ƙulli ne a leda, a kai wa wane a lungun baya. Na biyu, “ajiye mini wannan wuƙar.” Ranar da aka ce yaran unguwa kaza sun shigo, ko wani ɗan siyasa yana neman matasa, yaron ba shi da bakin cewa a'a.

Faɗan daba da ƙwacen waya da suka addabi unguwannin cikin birni, daga nan suke samun sababbin hannu. Ƙwaya kuma ita ke cire musu tsoro da tausayi. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani rahoton BBC da ya nuna ɓarnar da yake yi a Kano. An hana kodin, amma Tramol da wiwi da sholisho suna nan. A 2023 kwamishinan 'yan sanda Muhammad Usaini Gumel ya kira 'yan daba su ajiye makamai, da yawa suka amsa. Aiki ne mai kyau, sai dai a ƙarshen hanya ake yin sa. Farkon hanyar yana ƙofar gidanmu.

Saboda haka dokar gida ta farko a kan uba take, tun kafin ta hau kan yaro: ya san inda ɗansa yake kwana, da waɗanda yake kwana da su, da abin da ya ci a daren. Wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Bayan sallar isha'i ya yi sallama a shagon, ya zauna na minti goma, ya san sunan kowane yaro da gidansu. A ajiye wa yaron kwanonsa ko ba ya nan. Akwai uban da ɗansa ya shekara uku yana buga ƙwallo a filin Mahaha, unguwa duk ta san ya iya, shi kuwa bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Ya je ya kalla. Ranar zai ga abokan ɗansa da idonsa.

Yarinya da farantin talla

A wajen 'ya mace kuma doka ta yi yawa a wani wuri, ta yi ƙaranci a inda ya fi hatsari. Kada ki tsaya a ƙofar gida, kada ki yi dariya da ƙarfi, gyara hijabinki. Amma gidan da ya kafa waɗannan dokoki shi ne yake ɗora mata farantin gyaɗa ko bokitin awara, ya tura ta tasha da gareji da wurin masu gini, wani lokaci har bayan magariba.

Bai kamata mu yi saurin ɗora wa uwa laifi ba. Matar da take cikin gida, sana'arta ba ta da hanyar zuwa kasuwa sai ta kan 'yarta. Ita ake jira ta tara kuɗin gado da katifa da kwanuka da gara, in kayan ɗaki suka gaza ita dangin miji za su yi wa gori. A gidaje da dama kuma kuɗin cefanen da maigida ya bari ba ya kai azahar, cinikin tallar ne abincin dare. Duk wanda yake son a sauke farantin nan, sai ya yi magana da uba a kan cefane, ya yi magana da dangi a kan nauyin kayan ɗaki. Amma kafin a kai can akwai kalma guda da ya kamata ta fita daga bakin kowace uwa tun yau: “In ba ki sayar ba kada ki dawo mini.” Yarinyar da aka faɗa wa haka, in wani ya ce ta shigo ciki zai saye duka, za ta shiga.

In kuwa ƙaddara ta faɗa aka yi wa yarinya ko yaro fyaɗe, rufa asiri na gaskiya shi ne a garzaya asibiti. Akwai maganin da yake hana kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki, amma sai an fara shan sa cikin awa 72. A Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad akwai cibiyar Waraka da aka buɗe domin irin wannan. Kada a fara da duka da “me ya kai ki,” domin yarinyar da aka daka a karo na farko ba za ta sake faɗa ba.

Akwai kuma maganar al'ada. 'Yan mata da yawa suna ganin jinin farko ba tare da wani ya taɓa gaya musu yana zuwa ba, musamman 'yar fari da uwa take yi wa alkunya. A Islamiyya za ta karanta hukuncin haila a cikin Ahalari, amma littafi ba zai nuna mata yadda ake ƙunzugu ba, ba zai kuma gaya mata ciwon mara ba mutuwa ba ne. In uwa ba za ta iya ba, ta sa ƙanwarta ko yayar yarinyar, tun tana shekara 9 ko 10.

Batun aure ya fi ƙarfin wannan darasi, amma abu biyu ba sa bukatar gardama. Na ɗaya, yardar yarinya. Ya tabbata a hadisi cewa Khansa'u 'yar Khidam ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ya kuwa warware auren. Na biyu, jikinta. Yoyon fitsari yakan biyo bayan doguwar naƙuda ne, kuma wadda ƙugunta bai gama buɗewa ba tana cikin waɗanda suka fi shiga wannan hatsari. Cibiyar Laure da ke asibitin Murtala ta daɗe tana ɗinke irin waɗannan mata. Game da karatunta kuwa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya zargi malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru domin ilimin ya kai ga matan ƙauye.

Shin haƙƙin yara baƙon abu ne?

Mutane da yawa da sun ji an ce haƙƙin yara sai su ce ai maganar Turawa ce, so ake a hana mu tarbiyyar 'ya'yanmu. Wanda ya yi karatun soro ya san ba haka ba ne. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda aka daɗe ana karantawa a sorayen Kano, ta ɗora wa uba ciyar da ɗansa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a gidan miji. Ta kuma ba uwa haƙƙin renon 'ya'yanta in aure ya mutu. Nu'umanu ɗan Bashir ya ba da labarin yadda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai ya bar sauran 'yan'uwansa, Annabi ya ƙi zama shaida, ya yi umarni da a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka nuna masa wannan ƙarancin jinƙai ne. Mu da muke ganin sakin fuska ga ɗa yana zubar da girma, mu tsaya a kan wannan labari.

Dokokin zamani sun zo daga baya. Ranar 20 ga Nuwamba 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara, Najeriya ta tabbatar da ita a 1991. A 1990 shugabannin Afirka suka yi tasu a Addis Ababa, suka ƙara abin da ta Majalisar ba ta fito da shi ba, wato nauyin da ke kan yaro shi ma: girmama iyaye da manya, da taimaka musu in suna bukata. A 2003, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka kafa Dokar Haƙƙin Yara ta ƙasa. Ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana a yi amfani da shi wajen bara ko talla. Da yake sai kowace jiha ta amince kafin irin wannan doka ta yi aiki a cikinta, jihohin Arewa da dama sun ja lokaci, kuma saɓani a kan shekarun aure yana cikin dalilai. Kano ta samu tata Dokar Kare Yara a watan Mayun 2023, lokacin da Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa mata hannu a ƙarshen mulkinsa. Tun 2004 kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta wajabta karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare.

In an tattara su, haƙƙoƙin ba su da wuyar riƙewa: yaro ya rayu da lafiya, ya yi karatu, a kare shi daga cutarwa, a kuma saurare shi a kan abin da ya shafe shi. Takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tana ciki, domin ita ce shaidar shekarunsa a makaranta da gaban alƙali. Kuma haƙƙin nan bai tsaya ga ɗan da aka haifa a gidan ba. Agola da ɗan riƙo da 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye da almajirin da yake yi muku wanke-wanke, duk yara ne.

Na ƙarshen nan, saurare, shi ya fi yi mana nauyi. An tashe mu a kan yaro ba ya magana in manya suna magana, kuma ladabi ne mai kyau. Amma saurarar yaro ba ta nufin shi zai yanke hukunci. Tana nufin kafin a cire shi daga makaranta a kai shi kasuwar Kurmi ko gareji, kafin a ba da ita riƙo, kafin a karɓi kuɗin aurenta, a kira su a tambaya, a bari su kai aya. Sau da yawa yaron da ake cewa ya ƙi makaranta, in an bincika, wani ƙato ne yake tare shi a hanya, ko kuwa ya kai aji biyu na sakandare bai iya karatu ba, kunya take hana shi shiga aji. Bulala ba za ta gano wannan ba.

Duka da baki

Malaman da suka yi magana a kan ladabtarwa sun kewaye ta da sharuɗɗa: ban da fuska, ban da rauni, ban da lokacin fushi. Yawancin dukan da ake yi a gidajenmu ya karya duka ukun, domin huce haushi ne. Nana A'isha ta ba da shaida cewa Annabi bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba, Anas kuma ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro bai taɓa kyarar sa ba. Ɗan shekara 16 da ake zane shi da wayar wuta, abin da yake koya shi ne iya ƙarya da daɗewa a waje. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Da dama daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da niyyar gyara.

Baki kuwa ya fi bulala daɗewa a jiki. “Ɗan iska,” “ba za ka taɓa yin albarka ba,” “kin zama annoba.” Hadisi ya hana iyaye yi wa 'ya'yansu mugun baki, don kada a dace da lokacin amsa addu'a. Ku soki aikin da yaro ya yi, ku faɗi sunan laifin, kada ku mayar da laifin ya zama sunansa. Kuma a yi faɗan a keɓe. Matashi zai iya haƙura da horo mai tsanani, amma da wuya ya manta ranar da aka tozarta shi a gaban abokansa.

Yadda ake kafa dokar da za ta biyu

Gida ba ya zama babu doka, kuma matasa da kansu sun fi natsuwa in sun san iyakarsu. Alƙur'ani ma ya kafa dokar cikin gida, inda Suratun Nur ta koya wa yara neman izini kafin su shiga wurin iyaye a lokuta uku. Matsalarmu ita ce dokokin suna da yawa, ba a faɗin dalilinsu, kuma hukuncinsu ya danganta da yadda maigida ya dawo daga kasuwa. Laifin da aka yi wa dariya jiya, yau a kansa ake fasa baki.

Doka huɗu ko biyar sun isa: lokacin salla da makaranta, lokacin dawowa gida, waya, kuɗi, da rabon aiki. A faɗi dalilin kowace, a yanka hukuncinta tun kafin a karya ta, uwa da uba su zama baki ɗaya. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, dokar ta hau kan 'ya'yan kowane ɗaki daidai, in ba haka ba yara za su ɗauke ta makamin kishi. Ta kuma girma tare da yaro, domin abin da ya dace da ɗan shekara 12 ya yi wa ɗan 18 ƙunci.

Mu ɗauki misali. An yi da yaro zai dawo ƙarfe goma, sai ga shi sha ɗaya da rabi. Wani uban yana bayan ƙofa da bel, kalmarsa ta farko ita ce, “Daga gidan uban wa kake?” Wani kuma ga yadda ya yi:

“Ka ci abinci?”

“A'a, Baba.”

“Kwanonka yana wurin Ummanka. Ka ci ka kwanta, in mun dawo daga masallaci da asuba ina son ganin ka.”

Da safe ya ce, “Ƙarfe nawa muka yi da kai?”

“Goma, Baba. Wallahi wasan ne ba a fara ba sai tara.”

“Ka san da haka tun da rana?”

“Na sani.”

“To, da sai ka gaya mini tun da rana. Satin nan babu gidan kallo, kamar yadda muka yi. Daga yanzu in akwai wasan dare ka faɗa mini da wuri, ku tafi da yayanka ku dawo tare.”

Yaron bai yi ƙarya ba, domin a lokacin sanyi wasannin Zakarun Turai na dare ƙarfe tara ake take su a agogonmu. Uban bai janye hukunci ba, amma ya gyara dokar inda ta ci karo da gaskiya, kuma yanzu ya san inda ɗansa yake.

Waya ma haka. Ƙwace ta gaba ɗaya yakan sa yaro ya nemi wata a ɓoye. Ya fi sauƙi a ce duk wayar yara tana kwana a ɗakin uwa daga ƙarfe goma. A gaya musu ƙarara cewa hoton da aka tura ta WhatsApp ko aka ɗora a TikTok ba ya dawowa, kuma cacar ƙwallo ta waya caca ce. In kuka ga sabuwar waya ko kuɗi a hannun yaro ko yarinya ba ku san mafarinsu ba, ku tambaya a ranar, cikin natsuwa, kada ku karɓi cefane daga ciki ku yi shiru. Uba kuma ya tuna yara suna kallon sa. Wanda yake raba dare a majalisa, ko yake danna waya ana kiran salla, dokarsa ba za ta yi nauyi a kunnen ɗansa ba.

In abin ya fi ƙarfin gida, neman taimako ba tonon asiri ba ne. A fara da kawu ko gwaggon da yaron yake jin maganarsa, sannan limami da mai unguwa. Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, tana sasanta rikicin iyali, Ma'aikatar Mata ta jiha tana da sashen kula da yara, akwai kuma ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a Kano. Wanda shaye-shaye ya kama mara lafiya ne, wurinsa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Yaron da ya daina ci, ya daina shiga mutane makonni, ko ya fara cewa gara ya mutu, a kai shi ga likita ba tare da jira ba, a haɗa da addu'a.

Tambayoyi

1. Me ya sa matashi yakan aikata a gaban abokai abin da ba zai yi shi kaɗai ba?
2. A unguwarku, ina samari 'yan shekara 13 zuwa 18 suke kwana? Wa yake duba su?
3. Kawo haƙƙi biyu na yaro da suka zo a fiƙihu, da biyu da suka zo a dokar ƙasa.
4. Wace shekara Jihar Kano ta samu Dokar Kare Yara?
5. Ku tattauna a aji: ta yaya uwa za ta ci gaba da sana'arta ba tare da 'yarta ta rasa makaranta ba?

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya zauna da matashi ɗaya na gidansu, ɗansa ne ko ƙaninsa ko ɗan riƙo. Ku tambaye shi wace doka ce ta gidan ta fi yi masa wuya, da dalilinsa, kada ku katse shi har ya gama. Daga nan ku rubuta dokoki biyar tare a littafinku, kowace da dalilinta da hukuncinta, ɗaya daga ciki ta zama wadda ta hau kanku ku manya. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya sa yaron ya rubuta masa. Ku zo da littafin aji ranar darasi na goma.